Hancin Mala da Injin Zulfa

"Lafiya lau, tsohon miji. Ya ciwon ƙafa?" in ji Zulfa.

"Yana nan, ya fi ki zumunci," in ji Mala, yana goge kwalabe a rumfarsa ta turare a Kasuwar Sabon Gari.

Zulfa jikarsa ce, tana aiki a ɗakin gwajin sinadarai. Ta ɗebi kaɗan daga sabon man sandal da ya saro ta gwada a injin wurin aikinta, don arharsa ta ba ta tsoro. Yau kuma Hajja, maƙwabciyarsu a Fagge, wadda ba ta sayen kayan humra wurin kowa sai shi, za ta aiko a karɓar mata.

Zulfa ta ce man gauraye ne. Mala ya ce hancinsa ya girmi ubanta, tun daga nan yake jin ƙaurin girkinta a Fagge. Ta ce hancin ya daɗe da yin ritaya, kwalliya kawai yake yi wa fuska.

Ya tambaya ko injin nata hanci gare shi. Ta ce ba ya shinshina. Ana mai da ɗigon man tururi, iskar hiliyam ta tura shi cikin dogon bututu siriri, sinadaran su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. A bakin fita akwai siririyar waya mai zafi, hiliyam na saurin kwashe mata zafin. Da wani sinadari ya biyo, sai kwashewar ta ragu, wayar ta ƙara zafi, kwamfuta ta zana tudu.

"Wato wayar ni ce. Ana yi mini fifita mai daɗi, sai ke raguwa ki karɓi mafici, in fara gumi."

"Haka ne, sai dai ita wayar ba ta mita."

Ta ce ta gwada tsohon mansa ma. Sabon ne kaɗai ya fitar da wani ƙaton tudu, na wani mai marar ƙamshi da aka zuba don ya yi auki.

Mala ya tuna yadda Hajja ke karɓar kayansa ko murfi ba ta buɗewa. Ya sauke jarkar sabon man, ya tura ta ƙarƙashin benci, ya ce za a ba Hajja haƙuri har mai kyau ya iso.

"Ke kuma ɗauki jarkar duka, tukuicinki ne."

"Ni zan shafa jabu? Allah ya sauwaƙe, marowaci."

Ya yi dariya har da tari, ya zaro ƙaramar kwalbar turaren da yake shafawa ranar Juma'a.

"Ungo. Amma in kika kai wannan wurin injin, na sake ki."