Dosiyen ƙanena

Duk abin da zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ƙirƙiro wa kaina ƙane a gaban mutane ba.

Ni ma'aikacin duba nama ne a mahautar Garwa. Tun asuba ina cikin shanu da mahauta, in duba hanta, in duba huhu, in buga hatimi. Shekarata arba'in da ɗaya, 'ya'yana huɗu, amma kullum zuciyata na kan karatun masta. Matsalar ita ce tsoro. Ina ganin kaina ya riga ya toshe, Faransancina ma ya koma na kasuwa.

Sau uku ina haɗa dosiye, wato takardun neman shiga jami'a. In je meri, ofishin magajin gari, a buga wa takarduna tambari, in ɗauki hoto, in zuba a ambulan, sai in tura ƙarƙashin katifa har wata ukun da tambarin ke aiki su wuce. (Mai hoton har ya daina tambayata girman da nake so.) A karo na huɗu matata Hadiza ta zaro ambulan ɗin ranar da za a rufe karɓa, ta ce in na dawo da shi gidan nan, da shi za ta hura gawayi. Na san ba wasa take ba.

Daga mahauta na hau moto, wato acaɓa, kai tsaye, ko takalmin robar aiki ban cire ba. Na tarar da layi a jami'a, duk yara sa'o'in babbar 'yata. Wata ta matsa ta ce, “Baba, wuce gaba, na ɗanka ka kawo?” Sai na ji bakina ya ce na ƙanena ne, yana garin Ngong, bai samu mota ba. Har da ƙarin cewa yaron akwai ƙoƙari.

Sakatariyar da ke karɓar takardu, wata dattijuwa mai tabarau, ta ji komai. Ta buɗe ambulan, ta zaro hoton, ta dube shi, ta dube ni. Ga furfurar gemuna, ga tabon goshina, kuma wallahi rigar da ke jikina ita ce a hoton.

“Ƙanin naka yana kama da kai sosai,” in ji ta.

Maimakon in yi shiru, sai na ce ai tagwaye ne mu.

“Takardar haihuwarsa ta ce shekararsa arba'in da ɗaya. Yaron akwai ƙoƙari kam.”

Layi ya fashe da dariya. Gumi ya wanke ni, na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Na miƙa hannu zan ɗauke ambulan in gudu, sai ta ɗora tafinta a kai, ta turo mini biro.

“Sa masa hannu, Malam. Ka gaya masa darasin ma'aikata ƙarfe biyar na yamma ne, kuma akwai waɗanda suka girme shi. Amma don Allah ya riƙa canza takalmi.”

Na sa hannu.

Yanzu ina shekara ta biyu. Ba zan yi ƙarya ba (na tuba), akwai wuya, sau biyu gyangyaɗi na kayar da ni a aji, kuma jarrabawa ɗaya sai da na sake ta. Amma rubutun da nake yi kan cutar hantar shanu, malamina ya ce abin da na gani da ido a mahauta babu shi a littafi. Yarinyar nan ta layi ajinmu ɗaya, har yau in ta gaishe ni sai ta tambayi ƙanena. Nakan ce yana nan lafiya, yana ƙoƙari.

Darasin da na koya biyu ne. Kan da na yi shekara uku ina cewa ya toshe, ashe ban taɓa gwada shi ba ne. Na biyu kuma, in za ka yi ƙarya a ofis, ka fara cire hotonka daga ambulan.