Na Cikin Tano

Shekarar da na sayo tanon ƙarfe, wato duro, a Ɗan Issa don ajiyar wake, babu wanda ya huta da bakina a Madarunfa. Mai sayarwa ya ce in cika, in toshe, kada in buɗe sai damina, don rashin iska ke kashe ƙwari. Na ji, amma ina amfanin abin da ba a gani ba? Duk wanda ya yi sallama sai na buɗe masa, in ɗebo in ce, "Duba wake! Ku zauna nan da toka da barkono."

Har na aika wa surukina a Safo cewa kada ya ajiye iri, ni zan ba shi.

Ruwan shuka na sauka ya iso da amalanke. Na tara maƙwabta, na yi bisimilla, na ɗaga murfi. Ƙwari suka taso mini a fuska. Tsohon ya daɗe yana leƙe, sannan ya ce, "Allah ya sa albarka. Ashe kiwo kake yi."

Gida gida na bi ina roƙa masa iri wajen masu toka. Har yau in an gaishe ni, bayan iyali sai a tambayi lafiyar na cikin tano.