Rasuwar Babban Ƙamus na Malam Dim

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙurar tsohuwar takarda, iyalan malamin Turancin nan da ɗalibai ke kira Malam Dim a bayan idonsa suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar babban ƙamusunsa mai jan bango. Marigayin ya cika ranar Talatar da ta gabata a ɗakin karatu na makaranta, a gaban shaidu masu yawa, bayan ya shafe shekara talatin da ɗoriya yana hidimar jama'a ba tare da ya taɓa neman caji ba.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaide shi da nauyi da kawaici. Bai taɓa katse wa mutum karatu da saƙon wani ba, ba a taɓa jin ya ce babu sabis ba, kuma ko an ɗauke wuta ko an kawo, fuskarsa ɗaya ce. A gida babu aikin da ya raina. Yara sun taka shi sun sauko da gwangwanin sukari daga saman kanta, uwargida ta danne hotunan biki a cikinsa har suka miƙe, kyankyasai da dama kuma sun gamu da ajalinsu a ƙarƙashinsa. Muryarsa biyu ce kacal: "faf-faf-faf" idan Malam ya lashi yatsa yana neman kalma, sai kuma "dim", wadda ta ba Malam suna.

Ga yadda aka yi. Kowace shekara akwai darasin da Malam ya fi ƙauna, na kalmomin Turancin da mutum zai kare littafin takarda da su idan gardama ta haɗa shi da masu karatu a waya. Zai jera su a allo: wadda ke nufin abin da hannu ke iya taɓawa, da ta gajiyar ido, da ta kewar zamanin da ya wuce. Idan ya iso kan kalmar da ke nufin abu mai ƙarko, ba ya ɓata bakinsa wajen fassara. Sai ya ɗaga marigayin daidai kafaɗa, ya sake shi. Dim! Sannan ya dubi ajin ya ce, "To, mai waya ya fito ya yi haka." Ba a taɓa samun wanda ya fito ba, ba a kuma taɓa samun wanda ya manta kalmar a jarrabawa ba.

Uwargida ta sha ja masa kunne. "Baban yara, bawan Allahn nan fa ya tsufa. Kai ma da haka ake sakin ka duk shekara, ai da tuni an kwashe ka a kwando." Malam sai ya shafa bangon, ya ce shi da ƙamus sun fahimci juna. Alhali gadon bayan marigayin ya daɗe da tsagewa, salatif ne kawai ke riƙe da shi.

Bana sai Shugabar makaranta ta zo da shawarar a kwashe littattafan ɗakin karatu a zuba a sito, a cika ɗakin da allunan karatu masu aiki da caji. Malam ya ji kamar an ce za a rushe ɗakin mahaifiyarsa. Ya je ofis ya ce, "Ranki ya daɗe, alfarma ɗaya nake roƙo. Ki zo ki zauna a darasina kafin ki yanke hukunci." Ta yarda. Ya kwaso ajin duka zuwa ɗakin karatun, ya jera kalmominsa, ya yi ta zuba Turanci har gumi ya jiƙa masa wuya. Da ya iso kan kalmar ƙarko, sai son burgewa ya ɗebe shi. Maimakon kafaɗa, ya ɗaga marigayin sama da hularsa.

Wannan karon ba "dim" aka ji ba. "Ƙas" aka ji, kalmar marigayin ta ƙarshe ke nan. Bango ya yi gabas, ciki ya yi yamma, fankar sama kuma ta ga abin wasa, ta watsa shafuka ko'ina, har da kan ɗankwalin Shugaba. Malam ya tsaya da hannuwa a sama, ya manta yadda ake sauke su. Shugaba ta cire takardar daga kanta ta ce, "Malam, ƙarkon ke nan?" A nan ya sallama. A ransa littafi ya tafi, ɗaki ma ya tafi, kuma da hannunsa ya kashe su duka.

Ɗalibai suka duƙa tsintar shafuka don su rufa wa malaminsu asiri. Sai dai ba a jera shafin ƙamus sai an duba abin da ke kansa, wanda ya duba kuwa ya maƙale. Wani ya ce, "Kai! Ashe ɗan ƙarfen nan na bakin igiyar takalmi yana da suna!" Wata ta ce, "Ba ni in gani. Riƙe nawa, amma kada ka karanta min kafin in dawo." Kafin a ankara, aji guda yana zaune a ƙasa, kowa da takarda a hannu. Aka buga ƙararrawar tashi, babu wanda ya motsa. Shugaba ma tana tsaye da nata shafin. "Ni fa lambar shafin kawai na duba," in ji ta, "ga ni har na kai ƙasa." Ta dubi yaran, ta dubi ƙofar da ke buɗe. "Tun da na kama aikin nan ban taɓa ganin an tashi yaran nan suna zaune ba. A bar ɗakin yadda yake. Allunan a nema musu ɗaki na kusa."

An garzaya da marigayin wajen mai ɗinkin littattafai a kasuwa. Ya sa tabarau, ya soka allura, takarda ta ruguje. Ya girgiza kai ya ce, "Malam, sai haƙuri. Rai ya yi halinsa." Malam ya ci gardamarsa, amma har yau idan yana magana hannunsa yakan kai gefen tebur, ya dafa wayam.

Marigayin ya bar Malam, da uwargida wadda ta yi alkawarin ba za ta ce ai ta faɗa ba, kuma ta riƙe alkawarin har kusan la'asar. Ya bar ƙaninsa, ƙaramin ƙamus na aljihu, da ɗaki guda cike da littattafai waɗanda da sun kwana a sito ba don shi ba.

Za a yi bankwana da shi ranar Asabar da hantsi a ɗakin karatu. Ba za a yi wanka ba, domin marigayin bai taɓa shiri da ruwa ba. An so a manna shafukan a bango, Malam ya ƙi, ya ce kowane shafi fuska biyu gare shi, kuma ba zai juya wa rabin kalmomin baya ba. Saboda haka za a rataye su a igiya kamar shanya, daga taga zuwa taga, mai karatu ya zagaya. Masu zuwa gaisuwa su riƙo littafi ko ɗaya ne, kuma don Allah kada wanda ya kunna fanka.

Malam ya ce a gaya wa ɗalibai ya daɗe da sanin sunan da suke kiran sa da shi, kuma yana roƙon kada su daina.