Tankin da Bai San Nisan Gidan Gwaggo Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Auna Tanki da Ƙiyasin Tafiya,
Kamfanin Ƙera Motoci na Shaho,
Ta hannun duk wanda ke buɗe wasiƙu a ofishinku, idan akwai shi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, wadda na tabbata ba za ta shiga tankinku ba, ina fatan kana lafiya, kai da injiniyoyinka da iyalansu. Ina kuma fatan duk inda ka nufa yau ka isa bisa taya huɗu, ba a ƙafa kana rungume da jarka ba.

Ni malamar lissafi ce, kuma autar wani tsohon direban bas. Mahaifina ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan doguwar hanya, kuma har ya yi ritaya mai bai taɓa ƙare masa ba. Shi ya sa abokan aikinsa suka laƙaba masa Sai-Gida. Da ya ajiye aiki sai ya sayi wata tsohuwar mota mai faɗin ƙugu, tankinta lita saba'in, suka zauna lafiya shekara da shekaru. Mu 'ya'yansa ne, saboda ƙauna da shisshigi, muka sayar da ita muka saya masa taku, bayan dillalinku ya rantse mana cewa tana shan mai kamar mai shan magani.

Ga abin da ya sa na dame ka. Baba yana da yaya mace, Gwaggo, tana kwance ba lafiya a wani gari, kuma duk mako yakan tuƙa kansa ya je ya duba ta. Tun da motarku ta shigo gidanmu, mai ya ƙare masa a wannan hanya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Yanzu babban yayanmu ya kira taron 'yan'uwa a ƙarshen makon nan, kuma maganar guda ce: a karɓe makullin mota daga hannun Baba. Kafin a yi haka, na ga ya dace manyan masu laifi su ji ƙarar da ake yi a kansu.

Na ɗaya, girman tankin. Lita arba'in, ranka ya daɗe. Da wa kuka yi shawara? Na san amsarku: ƙaramin inji ne, ba ya ci da yawa, saboda haka ƙaramin tanki ya ishe shi. Na zauna na buga lissafin da kaina, na ga lita ɗaya a motarku ta fi lita ɗaya a tsohuwar nisan tafiya, Allah ya saka. Sai dai abin da kuka ƙara a nan bai kai abin da kuka yanke a can ba. Tsohuwar motar takan je gidan Gwaggo ta dawo, ta sake zuwa ta dawo, duk a ciko ɗaya. Taku takan je ta dawo, ta sake zuwa, sannan a hanyar dawowa ta tsaya ta yi tunanin duniya. Baba kuwa ba da lita yake awo ba, da zuwa gidan Gwaggo yake awo. A wurinsa ciko ɗaya zuwa biyu ne, haka jikinsa ya saba, kuma ban ga inda kuka nemi izinin jikinsa ba. Za ku ce an rubuta a littafin bayanin mota. An rubuta, na gani, a can wajen ƙarshe, tsakanin iskar taya da nauyin tabarmar ƙafa. Amma kai ma ka san mutumin da ya koya wa rabin tasha tuƙi ba zai buɗe littafi ya tambayi yadda ake shan mai ba.

Na biyu, halin tankinku a gidan mai. Ba a daɗe da fara zubawa ba sai famfo ya yi ƙas, ya tsaya. Ni da kai mun san ma'anar wannan: ta cika. Baba bai yarda ba. Ya ce iska ce ta tokare, domin babu motar kirki da ke ƙoshi da wuri haka. Sai ya fito da dabarar da suke yi wa bas a zamaninsu. Ya ɗora taya ɗaya a kan dakalin famfo don motar ta karkata, ya dafa rufinta da hannu biyu, ya shiga jijjiga ta. Idan ya gaji ya kira mai zuba man ya kama masa. Akwai ranar da na iske mutum huɗu suna jijjiga motarku, ciki har da wani mai kwat da ya fito daga layi don ya ga abin ya ƙi ƙarewa. Bayan duk wannan wahala tankinku ya karɓi abin da bai fi kofin shayi ba, ya amayar da rabinsa a kan takalmin Baba. Shi kuwa ya share gumi ya shiga mota da zuciya ɗaya, ya tabbata saba'in ta shiga. Mai zuba man, bawan Allah mai haƙuri, ya sha kiran marowaci daga bakin Baba a kan laifin da aka aikata a ofishinka. Idan akwai lambar yabo a kamfaninku, ina ba da shawarar a aika masa.

Na uku, wannan lamba da kuka sa a gaban direba, mai faɗin sauran kilomita nawa mai zai kai ka. A nan dole in jinjina muku, domin ban taɓa ganin lamba mai ra'ayi ba sai taku. Ni lissafi nake koyarwa, kuma a ajina idan abu ɗari uku ne da safe, ɗari uku ne da rana. Taku kuwa tana cewa ɗari uku a ƙofar gida, a hau tudu ta koma ɗari biyu da ɗoriya, a kama gangara ta sake samun ƙwarin gwiwa. A kunna na'urar sanyi ta zabge. A shiga cunkoso ta karaya gaba ɗaya. Na koma wurin dillalinku, ya yi mini bayani cikin murmushi cewa ai ƙiyasi ne, motar tana duba yadda aka tuƙa ta ɗazu ne ta yi hasashen gaba. To, ranka ya daɗe, idan hasashe ne, me ya sa kuka rubuta shi da manyan lambobi masu haske kamar sakamakon jarrabawa? Me ya hana ku sa "wataƙila" a gefe? Ko wurin ne ya yi kaɗan, kamar tankin?

Baba ya yi mako guda yana kallon lambar nan tana hawa tana sauka. Daga nan ya samo baƙin salatif ya liƙe ta. Ya ce a rayuwarsa ya ɗauki fasinja iri-iri, amma bai taɓa yarda mai magana biyu ya zauna masa a gaba ba. Ban ga laifinsa ba. Abin takaicin shi ne injiniyoyinku, cikin hikimarsu, sun ajiye fitilar gargaɗin mai dab da lambar, don haka salatif ɗin ya haɗa da ita.

Na huɗu, ita kanta fitilar, da na ɓare salatif ɗin na gan ta. 'Yar mitsitsiya, ruwan ɗorawa, mai kunya. Idan mai ya kusa ƙarewa sai ta kama, motar ta ce ting sau ɗaya, shi ke nan ta sauke nauyi. Wannan ting ɗin kuwa shi ne dai wanda take yi idan ba a ɗaura bel ba, da idan ƙofa ba ta rufu ba, da idan an bar fitila a kunne. Ƙara ɗaya kuka saya kuka raba wa matsala huɗu. Baba ya ji ting a hanya, ya buɗe ƙofarsa ya sake bugawa, ya ci gaba da tafiya. Na duba littafinku don in san bayan fitilar ta kama sauran mai nawa, na tarar kun rubuta "kimanin". Kimanin nan, ranka ya daɗe, yana kai mutum gidan mai na gaba ko kuwa yana ajiye shi a tsakiyar gada?

Na biyar ƙarami ne. Murfin tankin tsohuwar motar a hagu yake, naku a dama. Kullum Baba ta hagu yake tsayawa. Kun zana wata 'yar kibiya kusa da allurar mai don nuna ɓangaren, na gode, na nuna masa. Washegari ya tsaya ta hagu. Mai zuba man ya daina magana, yanzu jan tiyon kawai yake yi ya zagayo ta baya.

Bari in faɗa maka yadda mai ya ƙare masa a karo na ƙarshe, don ka san aikin hannunku. Da rana tsaka wani mai sayar da lemo a bakin hanya ya kira ni da wayar Baba, ya ce in zo. Na sayi mai a jarka, na hau tasi. Na iske motarku a gefen kwalta, babu inuwa ko ta tsuntsu, Baba yana zaune a ciki, hannuwansa biyu a kan sitiyari, bel a ɗaure. Mai lemon ya ce ya yi ta roƙonsa ya fito ya zauna a rumfa, ya ƙi, wai direba ba ya barin mota a hanya. Ina ɗura man yana tsaye a kaina yana bayani. Ya ce lallai tankin ya huje, domin lita saba'in ba ta ƙarewa a nan. Na ce masa, Baba, wannan arba'in take ci. Ya dube ni da mamaki na gaskiya, ya ce:

"Arba'in? To me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Ranka ya daɗe, da safiyar ranar na gaya masa. Na gaya masa a makon da ya wuce, da wanda ya gabace shi. Kowane lokaci haka yake mamaki, sabo fil, kuma kowane lokaci ya ce zai kiyaye. A hanyar gida ya bar ni na tuƙa, abin da bai taɓa yi ba, ya zauna a kujerar mai zaman banza yana kallon taga. Ban ji daɗin tuƙin nan ba ko kaɗan.

Yaya ya ce ba tanki ba ne. Matarsa ta ce ba tanki ba ne. Likita ma ya faɗi wata doguwar kalma, ya ce abin a hankali yake zuwa kuma ba ya komawa. Dukkansu masu ilimi ne, ina girmama su. Ni dai na ce tanki ne, kuma zan ci gaba da faɗa muddin akwai ofishin da za a rubuta wa. Ku ne kuka ƙera mota mai ƙaramin ciki, mai lamba mai canja magana, mai fitila mai kunya. Da wa kake so in yi faɗa? Ɗayan mai laifin ba shi da adireshi.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba zai ci muku ko lita ɗaya ba. Da farko na so ku rubuto cewa tankinku ne ke da aibi, don in kai wa Yaya a bar wa Baba makullinsa. Na fasa. Na ga hanyar nan, na ga manyan motocin da ke wucewa ta gefensa, kuma ni ma ba na so ya sake hawanta shi kaɗai. Abin da nake roƙo yanzu shi ne ku aiko da mutum. Ku sa masa rigar kamfani mai tambari, ku ba shi fuskar ban haƙuri. Ya zo gidanmu kafin ƙarshen mako, ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce kamfani ya gano kuskure a tankin duk motocin wannan samfuri, an umarta a mayar da su gyara, kuma ba a san ranar gamawa ba. Kada ka ce mini ba ku iya faɗin abin da ba haka yake ba, na karanta tallanku.

Na san abin da zai biyo baya. Baba zai wanke mutuminku tas. Zai ce dama ya faɗa, zai jefa masa makullin, zai kira tsofaffin abokansa ɗaya bayan ɗaya ya ba su labarin yadda kamfani guda ya zo har gida ya amsa laifi a gabansa. Zuwa gidan Gwaggo kuwa ni zan riƙa kai shi, yana gefe yana gyara mini tuƙi, muna jiran ku gama gyara. Zai rasa motar yana zaginku. Wannan ya fi mini sauƙi sau dubu a kan ya rasa ta yana zargin kansa. Ku babban kamfani ne, zagin tsoho ɗaya ba zai rage ku da komai ba.

Idan kuma ba ku aiko ba, to ka sani an riga an raba aiki. Yaya zai yi jawabi, sauran za su sunkuyar da kai, ni kuma aka zaɓa in miƙa hannu in karɓa. Sun ce da su ne, zai yi faɗa, ya tashi ya shige ɗaki ya kulle. Gaskiyarsu ne. Amma ni auta ce, ranka ya daɗe. Idan na miƙa hannu ba zai yi faɗa ba. Zai laluba aljihu ya ciro, ya sa mini a tafin hannu, ya tambaye ni ina za ni, ya ce in duba mai kafin in tashi.

Ina roƙonka, don girman kujerarka, kada ka bari a kai ga haka.

Taka mai biyayya matuƙa, mai jiran ƙwanƙwasa ƙofa,

Autar Sai-Gida