Ƙwaƙwalwar Tsanko da Tawa

"Lafiya lau nake, sai dai ganinka," na ce masa. "Shigo ka ja ƙofa, bawan gidanmu."

"Bawa? Ni da na kawo maka banitsa da zafinta? Ba don ni ba da wa za ka yi hira yau, da bijimai?"

Tsanko ke nan, ɗan gwaggona, abokin wasana tun muna rarrafe. Ni sunana Radko. Aikina yi wa shanu barbarar allura a ƙauyukan da ke kewaye da garin Vidin, shi ya sa ba na rasa ragowar ruwan naitirojin da ake adana irin bijimai a ciki. Shekara ashirin da ɗaya ke nan, kowace Lahadi da rana muna haɗuwa a rumfar bayan gidana. Mu kwarara wa ƙwaƙwalwar kwamfuta wannan ruwa mai azabar sanyi, mu ƙara mata wuta, mu tilasta mata gudun da ya wuce wanda aka yanka mata. Da mu bakwai ne. Huɗu suna Jamus, ɗaya yana maƙabarta. Ranar Laraba kuma Tsanko zai hau mota zuwa Valencia ta ƙasar Sifen, inda matarsa da 'ya'yansa suka yi shekara shida suna jiransa.

Ya ajiye banitsar, gurasarmu mai cuku a ciki, a kan benci, ya leƙa kwamfutata.

"Yaya jikin tsohuwa? Ta iya tashi yau, ko sai an kama mata hannu?"

"Tsohuwar wa? Rana ɗaya muka saye su, shago ɗaya a Sofia, lambobinsu ma a jere suke."

"To, ai shi ne abin kunyar. Tawa tana gudun giga bakwai da ɗigo shida, tana hamma. Taka tana taɓa bakwai da ɗigo ɗaya sai ta kwanta ta miƙe ƙafa. Ta yi gadon mai gidanta."

"Sa'a ce kawai, Tsanko. Kowa ya sani daga faranti ɗaya ake yanko su, wata ta fito barewa, wata jaka. Kai ka miƙa hannu a kwali da ido rufe ka ɗauko barewa."

"Hannu ne, Radko, hannu! Hannun da ya wuni a bayan saniya ina zai iya lallashin ƙwaƙwalwa? Tana jin warinka take suma."

"Kai da ka ƙone uku a shekara ɗaya? Har kakarmu ta fito da bokiti tana ihun gobara?"

"Gwaji nake yi. Masu ilimi ne suke gwaji."

"Girarka ta hagu ba ta sake tsirowa daidai ba har yau. Da ita za ka shiga Sifen? A kan iyaka za su tsare ka su ce ba kai ne a hoton fasfo ba."

Ya shafa girar, ya yi dariya, sannan ya ciro ɗan akwatin roba daga aljihun rigarsa. Tasa ƙwaƙwalwar ce a ciki. Ya riga ya kwance kwamfutarsa, ya naɗe kayan a bargo.

"Yau a yi ta ta ƙare," in ji shi. "Ni zan tuƙa taka, kai ka tuƙa tawa. In jakarka ta yi gudu a hannuna, ka durƙusa ka ce Tsanko ne ubangidanka."

"In tawa ta ƙi fa?"

"Ba za ta ƙi ba. Mata da injuna ba sa ƙi na."

"Matarka Sifen ta gudu."

"Aiki ta tafi, ɗan banza!"

Muka fara da tawa. Na shafe allon da ƙwaƙwalwar ke zaune a kai da man basilin don kada raɓa ta shiga, na ɗora tukunyar tagulla a kan ƙwaƙwalwar, na cika filas. Wannan aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Ɗaya yana zuba ruwan kaɗan-kaɗan idonsa a kan ma'aunin sanyi, ɗaya yana gaban kwamfuta yana ƙara gudu da wuta. Na zuba, farin tururi ya malalo daga benci ya rufe mana takalma.

"Bakwai," in ji Tsanko. "Ka gani? Bakwai da ɗigo ɗaya. Haba 'yar gari, haba kyakkyawa, ba wancan mai shanun ba ne, ni ne."

Fuskar kwamfutar ta yi shuɗi, komai ya tsaya.

"Kai ne ka zuba da yawa!" in ji shi.

"Sake."

Ya sake. Ya ƙara wuta, ya rage wuta, ya roƙe ta, ya zagi kakanninta. Sau biyar, a wuri ɗaya take faɗuwa.

"Wannan ba jaka ba ce," ya ce yana share gumi. "Jaka in ka doke ta tana motsi."

Muka jira allon ya huce, muka busar da shi da na'urar busar gashin marigayiya Donka, matata, muka sa tasa. Na zauna, shi ya ɗauki filas. Tsanko ba ya ko kallon ma'auni in yana zuba. Ƙarar tafasar ruwan yake saurara, ya san lokacin da tukunya ke neman ƙari. Bakwai da ɗigo uku. Ɗigo biyar. Ɗigo shida, ta tsaya daram, ta gama lissafinta.

"To, ubangida?" na ce. "Ina hannun?"

Ya ajiye filas, ya zauna a kan akwati, ya gutsuri banitsar da ta riga ta sandare. A waje ba a jin komai sai kukan kurciya. Layinmu gida goma sha huɗu ne, uku ne kaɗai ake hura wuta a cikinsu.

"Wa zai riƙa zuba maka?" ya tambaya, bai dube ni ba.

"Zan koya wa tsohuwar maƙwabciyata, Baba Stoyna. Shekararta tamanin da uku, amma hannunta bai kai naka rawa ba."

"Za ta zuba a kofi ta sha."

"Sai in samu limamin coci. Ya saba yayyafa ruwa."

"Sau ɗaya a wata yake zuwa."

"To, sau ɗaya a wata."

Na tashi na kwance tukunyar, na ciro ƙwaƙwalwarsa, na goge ta, na miƙa masa. Bai karɓa ba. Sai ya miƙa hannu kan benci ya ɗauki tawa, ya sa a akwatin robarsa, ya mayar aljihu.

"Ka yi kuskure, makaho. Waccan jakar ce."

"Na sani. A Valencia ɗaki biyu ne, mu biyar. Ina zan samu naitirojin? Wasiƙa kawai zan riƙa buɗewa, jaka ta ishe ni. Barewa a bar ta inda akwai sanyi." Ya gyara hularsa. "Kuma na yarda, sa'a ce. Ka rubuta a bango, Tsanko ya faɗa da bakinsa."

Na dubi abin da ke tafin hannuna, ɗan ƙarfe da bai kai kwalin ashana ba.

"Ƙarya kake," na ce. "Hannu ne. In ba kai ke zuba ba, ba za ta ƙara ganin ɗigo shida ba."

Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona, sannan ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Shekara ashirin da ɗaya ina jiran wannan maganar, sai yau da babu mai shaida! Maimaita, Radko."

"Ɓace min da gani."

"Maimaita mana!"

"Hannu ne, ubangida. Zo ka ɗauki kwalbar zuma biyu ka kai wa yara, kafin in canja shawara."