Shayi Uku a Barcelona

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da jirgi guda cike da mutane ya tafa mini, ni kuwa ina fatan ƙasa ta tsage in shige.

Shadda nake sayarwa a Guillotière, cikin Lyon, kuma duk unguwar an san ni da tsare lokaci. Na sha yi wa 'yan'uwa gori cewa sun zo Faransa sun baro agogonsu a Damagaram. (Ashe baki shi ke yanka wuya.)

Ɗiyarmu da ke aiki a Paris ce ta yankar mana tikitin yawon teku daga Marseille, ni da Hajiya. Ita Hajiya ko gadar kogi za mu haye sai ta runtse ido. Da ƙyar ta yarda, bisa sharaɗi ɗaya: ba zan bar ta ita kaɗai a kan ruwa ba. Na bugi ƙirji na yi alkawari.

Ranar da muka wayi gari a Barcelona ciwon gwiwa ya hana ta sauka. Ta ce, "Tahi ka gano mini garin, amma ka komo da wuri." An rubuta a bakin ƙofa cewa kowa ya dawo kafin biyar da rabi. Na ce mata ƙarfe uku ina nan.

Garin nan kuwa ya tafi da hankalina. Hasken safiya ya kwanta a kan ruwa, kwale-kwale suna ta rausaya a wuri ɗaya, iska na kawo ƙamshin gishiri da na gahawa. Na bi wani titi mai inuwar itatuwa, na faɗa lunguna masu sanyi inda aka shanya wanki a sama, wani yana kaɗa garaya irin tasu a nesa. Ni da na girma ban san ruwan da ya wuce tafkin bayan gari ba, sai na ji kamar mafarki nake, kuma ban so a tashe ni. A wata kasuwa na tsaya gaban kifin da ya kai ɗan maraƙi, ban san lokacin da na ce "Ikon Allah!" a fili ba.

"Wa ka ikon Allah da Hausa nan?" in ji wata murya a bayana.

Wani dattijo ne siriri mai farin gemu, Malam Ilu, mutumin Tawa. Tun yana saurayi yake ɗinkin komar kamun kifi a tashar jiragen nan. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, idonsa ya ciko. Muka gaisa tun daga gajiya har damina, muka koma farko. Ya ja ni masallacinsu muka yi azahar (nan na kashe ƙarar waya, ku riƙe wannan), daga can sai gidansa. Matarsa ta kawo dambu da zogale. Loma ta farko ta mai da ni tsakar gidan mahaifiyata, har na ji kukan kurciyoyin da ke kan katangarmu.

Sai aka ɗora shayi. Kun dai san shayinmu: uku ne, kuma ba a gaggauta shi. Na sha na fari da ɗacinsa. A na biyu na saci kallon agogo, huɗu saura. Na gyara murya, sai Malam Ilu ya ce:

"Alhaji, ka taɓa ganin inda baƙo ya tashi bai sha na ukku ba? Bato ɗin ga, jirgin naku, na san shi, nan kusa ya ke."

Ni mai wa'azin lokaci, sai na koma na jingina.

Da muka fito na ɗaga wa taksi hannu, Malam Ilu ya sauke mini shi. Wai baƙonsa ba ya shiga mota daga ƙofar gida, rakiya sai da ƙafa. Ya rungumi kwanon dambun da aka zuba wa Hajiya, muka taka a hankali, yana tsayawa gun mai aski da mai burodi yana nuna ni: ɗan'uwansa ne daga Lyon. Gaskiya daɗi nake ji. Sai da jirgi ya yi wani kuka mai kauri na zaro waya, na ga kiran Hajiya jere kamar carbi. Shida saura kwata.

Muka zuba da gudu har shingen da ba a wucewa sai da kati. Ga jirgin nan kamar unguwa guda, kowace taga da baranda cike da kawuna, ana ta kiran sunana a lasifika. Nan Malam Ilu ya sake kama hannuna.

"Ka gaida Hajiya."

"Za ta ji."

"Da ɗiyar ta Paris. Da mutanen Lyon baki ɗai."

Sannan ya ɗaga hannu ya fara addu'a. To, wa ke gudu ana addu'a? Na tsaya cak a gaban duniya, ina haki, ina "amin, amin", ma'aikacin jirgi yana nuna mini agogonsa. Ana shafawa na kwasa, babbar riga ta cika da iska, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri, kwano a hammata. Sai tafi da fito suka ɓarke daga sama har ƙasa.

A tsakiyar gadar shiga na tarar da Hajiya. Matar da ke runtse ido a kan kogi, ga ta tsaye da sandarta, teku na motsi ƙarƙashin ƙafarta, ta ƙi gaba ta ƙi baya don kada a janye gadar. Daga baya na ji abin da ta faɗa wa ma'aikatan jirgi: in za a bar shi, a bar mu tare. Kunyar wannan ta fi ta tafin ciwo.

Ta dube ni daga hula har ƙafar da ba takalmi. "Alhaji, ukkun ta yi?"

Na miƙa mata kwano.

Tun daga ranar na bar yi wa kowa gorin agogo a Guillotière. Na gane nawa ma a Damagaram yake, mai tuna mini ne kawai ban samu ba. Yanzu in zan fita ina da alkawari a wuyana, duk ikon Allah da na gani, a zuci nake faɗinsa.