Tukunyar Kakannin da Na Gano a Kan Dutse

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kai baffan matata yawon duwatsu ba. (Lokacin ba ta zama matata ba tukuna, kuma saura ƙiris in jawo wa kaina a hana ni ita.)

Bari in fara da fallasa kaina. Ni mutum ne da bakinsa ba ya iya furta "ban sani ba". Tambaye ni hanyar garin da ban taɓa takawa ba, zan nuna maka da hannu, har in gaya maka inda za ka sha kwana. A Kano na tashi, amma mahaifina ɗan Birnin Kudu ne, don haka da aikin koyarwa ya dawo da ni garin sai na ɗauki kaina cikakken ɗan ƙasa. Lissafi nake koyarwa, ba tarihi ba. Wannan bai hana ni cika wa Hauwa'u kunne a waya ba da labarin duwatsunmu, da zanen mutanen da, da hanyoyin dajin da na ce na san su kamar yunwar cikina.

Mahaifin Hauwa'u ya rasu, maganar aurenta tana hannun ƙaninsa, Baffa Sule, tsohon hedimasta. Shi zai ce a ba ni, shi zai ce a hana ni. Ta ja mini kunne tun da wuri: "Baffa ba ruwansa da albashinka. Abu ɗaya ya tsana a rayuwa, mai cika baki." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ni ba cika baki nake yi ba, sani ne ya yi mini yawa.

Da kaka ta kama sai ga Baffa daga Kano da kansa. Ya ce ya ji labarin ni gwanin duwatsu ne, yana so in zaga da shi. Na gane dai ni aka zo gani, ba duwatsu ba, don haka na ci ado: sabuwar shadda, hula zanna, da takalmi sau-ciki mai santsin ƙasa. Mai hankali ba ya hawa dutse a haka, amma ranar hankalina yana wajen aure.

Mun fara da wurin da kowa ya sani, inda mutanen da suka zana jajayen shanu a jikin dutse. Dattijon da ke kula da wurin ya yi wa Baffa bayani a nutse, ya ɗauki ɗan dutse ya buga wani falalen da ke amsawa kamar ƙarfe. Baffa sai gyaɗa kai yake yana tambaya. Sau biyu na sa baki, sau biyu dattijon ya gyara mini zance cikin ladabi. Kishi ya turnuƙe ni. Muna fita na ce, "Baffa, wannan ai na baƙi ne. Akwai wani dutse ta hanyar Gwaram, ko masu bincike ba su kai can ba."

Gaskiyar magana, ta tagar mota na taɓa hango dutsen, sau ɗaya.

Baffa ya dube ni ta saman tabarau. "Ka san wurin sosai, Malam?"

"Haba Baffa, a can muka yi wasan ƙasa."

Na goya shi a babur, muka ajiye babur ɗin a gindin wata tsamiya, muka kama wata siririyar hanya da ta yi sama. Allah Ya rufa mini asiri, hanyar ta yi kyau fiye da ƙaryar da na yi a kanta. Marke da kanya sun rufe ta da inuwa, ciyawa ta kai gwiwa, tsuntsaye sai kuka suke ta ko'ina. Baffa, da furfurarsa da komai, yana tafe yana tasbihi ba ko haki. Ni kuwa ina baya ina zamewa, ina tsayawa in nuna masa bishiya don in samu in ja numfashi.

Da muka kai sama, ni kaina sai da na yi shiru. Gonakin dawa sun shimfiɗu har iyakar ganin ido, ga rugage can nesa, ga garken shanu farare suna gangarawa wani tafki a gindin dutsen. Baffa ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Masha Allah. Wannan kaɗai ya isa, ɗana."

Kun ji fa, "ɗana" ya ce. Da na rufe bakina a nan, da na gama cin jarrabawa. Amma ai tarihi na yi masa alkawari, kuma ban ga ko zanen akuya ba. Na shiga leƙe-leƙe tsakanin duwatsu, ina addu'ar Allah Ya jefo mini wani abu. Sai kuwa na hango ta, a wani lungu ƙarƙashin dutse: tsohuwar tukunya, baƙa ƙirin, an kwantar da ita a gefe an tokare da duwatsu. An toshe bakinta da laka, an bar 'yan ƙananan huduji.

Na gyara murya irin ta aji. Na ce wannan tukunyar kakanninmu ce. Baƙin da ke jikinta hayaƙin wutar mutanen farko ne. Hudujin nan kuwa ado ne na wancan zamani, yanzu ba mai iya irinsa.

Baffa ya karkata kunne. "Wannan ƙugin fa da nake ji?"

"Iska ce, Baffa. Haka duwatsun nan suke, kowanne da muryarsa."

Na ga ya ja da baya taku biyar. (Wallahi na ɗauka girmama tarihi yake yi.) Ya ce, "Malam, bar tukunyar nan."

"Ba komai Baffa, na saba."

Na sa hannu biyu na ciccibo ta. Lakar bakin ta ɓalle.

Ban san ƙudan zuma suna da yawa haka a duniya ba. Na farko ya same ni a fatar ido, na biyu a leɓe, daga nan na daina ƙirga. Na dire tukunyar kakanni, na kurma ihun da ban san ina da shi ba, na yi ƙasa a guje. Hula ta yi nata wuri, takalmi ɗaya ya yi nasa. Abin da ya fi ci mini rai har yau, ko waiwayar Baffa ban yi ba. Dattijon da na zo neman 'yarsa na bari a kan dutse, na faɗa tafkin da shanu ke shan ruwa, na nutse har wuya da sabuwar shadda.

Shi kuwa ashe ya tsuguna a bayan wani dutse, ya lulluɓe kansa da babbar riga, ya yi lamo har suka lafa. Ko ɗaya bai harbe shi ba. A ƙauye ya tashi, ya san amya tun kafin a haifi babana.

Ina cikin ruwan nan sai ga shi ya gangaro a hankali, riƙe da hulata. Tare da shi akwai wani dattijo mai sanda, wanda ihuna ya taso daga gona. Malam Buba sunansa, kuma ransa a ɓace yake.

"Wane ne ya taɓa mini amya?"

Baffa ya nuna ni da hular. "Ga shi nan. Ya ce tukunyar mutanen farko ce."

Malam Buba ya dube ni, ya dubi Baffa, fushin ya gagare shi. "Mutanen farko? Tukunyar waken matata ce fa! Bara ta tsage, na liƙe ta na kai wa zuma."

Shanun ma sun daina shan ruwa suna kallona. Na fito laka har kunne, ido ɗaya a rufe, leɓe ya yi suntum. Malam Buba ya zaunar da ni yana kankare mini ƙarin ƙudan zuman da bakin wuƙa, yana cewa in bar lakar, ita ma magani ce. Kunya ta hana ni jin zafi. Na riga na sallama Hauwa'u a zuciyata, har na fara tunanin abin da zan gaya wa mahaifiyata.

Da muka miƙe, Baffa ya ce, "To Malam, ta ina babur ɗinmu yake?"

Na duba gabas, tsamiya. Na duba yamma, tsamiya. Hannuna har ya fara ɗagawa da kansa zai nuna wani wuri, na kama shi na mayar.

"Ban sani ba, Baffa. Ban taɓa zuwa nan ba sai yau."

Ya yi murmushi. Sannan ya kifa mini hular a kai, ya ce, "Tun safe nake jiran in ji ko bakinka yana iya faɗin wannan. Tun da yana iyawa, ka turo manyanka."

Malam Buba ne ya raka mu har gindin tsamiyar. Sati na zagayowa na koma da sabuwar tukunya, na hau da ita a ka, ya nuna mini yadda ake shafe bakin. Ranar ɗaurin aure kuma Baffa ya aiko mini da kwalbar zuma, an rubuta a jikinta da rubutun hedimasta: "Daga kakanni."

Yanzu ina hawa dutsen nan kusan duk kaka, kuma na san hanyar da gaske. Amma idan ɗalibi ya tambaye ni abin da ban sani ba, leɓena na sama yakan ɗan yi mini ƙaiƙayi, sai in ce masa, "Ban sani ba, bari mu tambaya." "Ban sani ba" kalma uku ce kacal, sai da ƙudan zuma suka taru a kaina kafin na koye ta.